Baƙin Fitsarin Antoine Mauroy: Abin da Tarihin Ƙarin Jini Ya Bar wa Ma'aikatan Jinya

A watan Disamba na 1667, Jean-Baptiste Denys, ɗaya daga likitocin Sarki Louis XIV na Faransa, ya ɗura jinin maraƙi a jijiyar wani mai taɓin hankali, Antoine Mauroy, da fatan sanyin halin dabbar zai kwantar masa da hankali. Karon farko ya wuce lami lafiya. A karo na biyu hannun mutumin ya ɗauki zafi, bugun jijiyarsa ya ƙaru, gumi ya karyo masa, ya koka da ciwo a wajen ƙoda, ya yi amai. Washegari ya yi fitsari baƙi wuluk kamar an dama shi da kunkunniya. Denys bai san abin da yake gani ba, amma ya rubuta alamomin dalla-dalla. Mauroy ya rasu a 1668, maganar ta kai kotu, a 1670 kuma aka haramta ƙarin jini a Faransa.

Kusan shekara 150 aka yi kafin a sake waiwayar al'amarin da gaske. A 1818 James Blundell, likitan haihuwa a Landan, wanda ya gaji da ganin mata suna mutuwa saboda zubar jini bayan haihuwa, ya fara sa wa mutum jinin ɗan'uwansa mutum. Wasu sun rayu, wasu sun mutu, ba kuwa wanda ya iya faɗin dalilin bambancin.

Amsar ta zo a 1901 daga Karl Landsteiner a birnin Biyana na Ostiriya. Ya gauraya jinin abokan aikinsa, ya ga wani yana dunƙulewa idan ya haɗu da wani. Daga nan aka san rukunonin A, B da O, aka ƙara AB a shekarar da ta biyo. Sai aka gane abin da ke faruwa: garkuwar jikin mai karɓa tana farfasa jajayen ƙwayoyin baƙon jini, abin da ke cikinsu ya malalo, ya bi ta ƙoda, ya rina fitsari, wani lokaci ya tsayar da ƙodar baki ɗaya. A 1907 Reuben Ottenberg ya fara gwada dacewar jini kafin ƙari a Amurka. A 1914 aka gano sinadarin sitiret yana hana jini daskarewa, ajiya ta yiwu. Bernard Fantus ya buɗe bankin jini a asibitin Cook County na Shikago a 1937, rukunin Rh kuma ya bayyana wajen 1940.

Mai karatu zai zaci an gama. Amma tun da Birtaniya ta kafa shirin SHOT a 1996 don tattara rahoton haɗurran ƙarin jini, darasi guda yake maimaituwa: kuskuren ɗan Adam ne ya fi yawa. An lika sunan wani a kwalbar gwajin wani, ko an ɗauko ledar da ba ita ba, ko an rataye ta a gadon makwabci.

Wannan ya shafe mu kai tsaye. A asibitocinmu masu jego, masu sikila da yaran da zazzaɓin cizon sauro ya shanye wa jini suna cikin waɗanda suka fi bukatar ƙari, kuma ba abin mamaki ba ne a sami Aisha Muhammad biyu a ɗaki ɗaya. Suna kaɗai ba ya wadatarwa. A bakin gado ake tambayar majinyaci ya faɗi sunansa da bakinsa, a gwama da lambar asibiti, rukunin jini, lambar leda da ranar lalacewarta. A fara ƙarin cikin minti 30 da fito da leda daga firji, a kammala cikin awa 4. A auna zafin jiki, bugun jijiya, numfashi da awon jini kafin a fara, a kuma maimaita bayan minti 15, domin jini kaɗan ya isa ya tayar da mummunar illa.

Idan rawar ɗari, zazzaɓi, ciwon baya ko ƙirji, sarƙewar numfashi ko baƙin fitsari suka bayyana, a tsayar da jinin nan take. A bar hanyar jijiya buɗe da ruwan gishiri ta sabuwar roba, a kira likita, a sake duba suna da lamba, a mayar da ledar ɗakin gwaji tare da sabon samfurin jini da fitsari. Idan an sami ruɗanin leda, a tuna cewa wataƙila akwai majinyaci na biyu da ke shirin karɓar jinin da ba nasa ba.

Denys ya ga alamomin, bai tsaya ba, ya koma karo na uku. Ma'aikaciyar jinya ta yau ta san ma'anarsu, kuma makullin robar yana hannunta.