Daga Fatauci Zuwa Kwamfuta: Yadda 'Ya'yan Hausawan Mubi Suka Shiga Manyan Makarantu

A wannan karo ina so mu waiwayi baya, mu dubi hanyar da 'ya'yan Hausawa mazauna ƙasar Mubi suka bi kafin su kai ga manyan makarantu, musamman a fannin kwamfuta. Ni ne na farko a gidanmu da ya wuce sakandare, don haka ina cikin wannan tarihi tsundum.

Asalin Zama

Kakanninmu ba boko ya kawo su nan ba. Fatauci ne: goro, tufafi, fatu da cinikin shanu, wanda har gobe kasuwar Mubi ta yi suna a kansa. Kakana daga ƙasar Katsina ya taso, ya ya da zango a Mubi, daga baya ya koma Duvu da ke Ƙaramar Hukumar Mubi ta Kudu a yau, inda mutanen Gude suka ba shi gona.

A lokacin wannan yanki ba ya cikin Nijeriya. Jamusawa suka fara riƙe shi a matsayin ɓangaren Kamaru, sai Turawan Ingila suka karɓe a Yaƙin Duniya na Ɗaya, suka ci gaba da mulkinsa a matsayin ƙasar amana. Sai bayan ƙuri'ar raba gardama ta watan Fabrairun 1961 aka haɗe da Nijeriya, ranar 1 ga Yuni, aka kafa Lardin Sardauna mai hedikwata a Mubi. Ƙasar da aka riƙe a matsayin amana ba ta samu makarantu da wuri ba. Da yawa daga cikin na farko kuma na mishan ne, irin waɗanda suka biyo bayan zuwan 'yan mishan Garkida a 1923. Wannan ya sa iyayenmu suka yi ɗari-ɗari, suka tsaya ga allo da kasuwa. Abin mamaki, da Hausa ake ciniki a ko'ina, amma a aji Bahaushe shi ne 'yan tsiraru.

Ƙofofin da Suka Buɗe

Shekarar 1976 ta zo da abu biyu: ƙirƙirar Jihar Gongola, da shirin ilimin firamare kyauta na UPE. Shi ya fara kwashe yaran zango zuwa aji. Sannan kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya da aka kafa a Yola a 1979 ta dawo Mubi a 1982. A 2002 kuma, zamanin Gwamna Boni Haruna, aka kafa Jami'ar Jihar Adamawa a garin.

Mai karatu zai iya cewa, to mene ne a ciki? Ga talaka, kusanci shi ne komai. Uban da ba zai iya tura ɗansa Zariya ko Maiduguri ba, zai iya ba shi kuɗin mota daga Duvu da kwanon gari. Haka na yi karatun difloma a fannin kimiyyar kwamfuta. Kafin nan a shagon buga takardu na koyi sarrafa allon rubutu, ina yi wa mai shagon shara a madadin kuɗin koyo. Da wayar salula ta shigo Nijeriya a 2001, shagunan intanet suka biyo baya, mu huɗu mukan haɗa kuɗin awa ɗaya mu zauna a kan kwamfuta guda.

Inda Gizo Ke Saƙa

Tun tsarin mulkin 1979 aka shigar da ƙa'idar raba daidai tsakanin jihohi. Manufar mai kyau ce, amma a aikace sai ta koma dogaro da takardar shaidar asali. Da na nemi tallafin karatu, wani ofishi ya ce in tafi garin kakana in karɓo takarda. Na je can, aka ce ba a san ni ba. A nan aka binne cibiyata, amma a takarda ni baƙo ne a wuri biyu. Yara nawa ne wannan ta mayar da su kasuwa?

Sai kuma fitina ta zo. Daren 1 ga Oktoban 2012 aka kashe ɗalibai da dama a unguwar Wuro Patuji. A watan Mayun 2013 aka kafa dokar ta-ɓaci a Adamawa, Borno da Yobe, aka katse layukan waya na tsawon makonni. A ƙarshen Oktoban 2014 Boko Haram ta ƙwace Mubi, kafin a ƙwato shi a watan Nuwamba. Makarantu suka rufe, aka watse. Wasu 'yan uwa da suka bar karatu a lokacin ba su sake komawa ba.

Abin da Ya Rage Mana

Tun 2015 hukumar JAMB ta mayar da jarabawarta gaba ɗaya ta kwamfuta. Ma'ana, yaron da bai taɓa riƙe linzamin kwamfuta ba zai iya faɗuwa ko da ya san amsa. Wannan ya sa duk ranar Asabar nake tara yara a zaure da tsofaffin kwamfutoci uku da faranti mai ɗaukar hasken rana. Da Hausa nake koyarwa, kuma ba 'ya'yan Hausawa kaɗai ke zuwa ba. Akwai Gude, Fali da Fulani, domin rashin wuta da intanet bai san ƙabila ba. 'Yan mata kuwa wata ƙanwata ke koyar da su a cikin gida, abin da ya kwantar wa iyaye da hankali.

Don haka ina kira ga duk wanda ya riga ya haye: tsohuwar kwamfutar da ke ajiye a ɗakinka, a nan sabuwa ce. Kuɗin rajistar yaro ɗaya bai kai abin da muke kashewa a biki ba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Mutanen da suka ba kakanninmu gona sun cancanci mu rama da abin da Allah Ya hore mana na ilimi.

Allah Ya sa mu dace, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya. Sai mun haɗu a karo na gaba.