Shekarun da Aka Rufe Mana Boda

'Yan'uwa mata, ku tuna watan Agusta na 2019, lokacin da gwamnati ta rufe boda. An buɗe ta Illela da ta Maigatari a Disamba 2020, mu na Jibiya kuwa sai Afrilu 2022. Abokan cinikinmu na Ɗan Isa da Maraɗi suka ɗauke ƙafa, kasuwa ta mutu murus. Wasu suka ce a raba kuɗin ƙungiya, kowa ta kama gabanta. Ni ma, gaskiya, har na yarda.

A lokacin ina zuwa ajin yaƙi da jahilci. Da ƙyar na haɗa baƙaƙe na karanta 1 Sarakuna sura 17 da kaina. Ashe gwauruwar Zarefat da ta ciyar da annabi Iliya ba 'yar ƙasarsu ba ce, ta ƙasar Sidon ce, ƙetaren iyaka, kuma da ragowar garin da ke tukunyarta ta yi masa abinci.

Na kawo zancen a taro. Ba mu raba kuɗin ba. Gero muka saya, muna auna wa gwauraye bashi, Kirista da Musulmi. Da aka sake rufewa a Agusta 2023 bayan juyin mulkin Nijar, ba wadda ta ƙara tayar da maganar rabo.