Zumunta a Ƙafa Take: Matan Kirista da Karatun Littafi Mai Tsarki a Damagaram

Duk wanda ya ɗauki alƙalami don rubuta tarihin Damagaram, da sarakuna yake farawa: Sarki Tanimun da ya kewaye Birni da ganuwa, da Sarki Amadu Kuran Daga wanda a zamaninsa aka kashe Kyaftin Kazmaju a 1898, sai shigowar sojan Faransa a 1899, da zaman Zinder cibiyar mulkin mallaka har 1926, lokacin da aka mayar da ita Yamai. Wannan tarihin fada ne da bariki. Akwai kuma wanda aka yi a kan tabarma, wato na ƴan tsirarun mata Kirista da ke haɗuwa su biyar ko su goma, bayan sun sauke tukunya, don su karanta Littafi Mai Tsarki tare.

A 1924 ne mishan ɗin SIM, wanda Rowland Bingham da abokansa biyu suka kafa a 1893, ya buɗe tasharsa ta farko a ƙasar Nijar, a cikin Zinder. Garin malamai ne da makarantun allo, saboda haka wa'azin baƙin bai samu karɓuwa sosai ba, ga hukumar Faransa kuma tana yi wa masu jin Turancin Ingilishi kallon ƴan leƙen asiri. Ƴan shekaru bayan haka ƙarfin aikin ya koma Tsibiri kusa da Maraɗi, a hannun David Osborne, daga baya kuma Galmi, inda aka buɗe asibiti a 1950. Jama'ar Kirista a Zinder ta ci gaba da zama ƴar ƙarama, kuma da yawa daga cikinta baƙi ne, ma'aikata da masu sana'a daga Dahomai da Togo da Nijeriya.

Abu guda da mishan ya kawo shi ne ya daɗe fiye da gine-ginensa: karatu da Hausar boko. A 1932 aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa, aikin da Dakta Walter Miller na Zariya ya yi fice a cikinsa, a 1980 kuma sabuwar fassara ta fito. Lakwal ta gwamnati da Faransanci take koyarwa, kuma ƴan mata kaɗan ne suka taka ƙofarta. Don haka mace da dama a cikin ikilisiya ta fara haɗa baƙi ne a jikin ayar da take son karantawa da kanta, da harshen da take cinikin kasuwa da shi.

Sai dai littafi a hannu ba shi ne karatu ba, sai an samu sukuni. Zinder gari ne da ya yi ƙaurin suna wajen ƙarancin ruwa, har ana lissafa wannan cikin dalilan ɗauke cibiyar mulki daga cikinsa. Macen da ta yi sammakon neman ruwa, ta yi daka, ta yi girki, ta yi raino, ta kuma soya ƙosai ko ta ja zare don ƴan kuɗin cefane, ba ta da wuni na zama a aji. Makarantun koyon Littafi Mai Tsarki, irin ta Tsibiri, masu bishara suke horarwa, yawancinsu maza. Matan sai suka nemi hanyar da ta yi daidai da rayuwarsu.

Hanyar ita ce Zumuntar Mata. Ana danganta asalinta da ikilisiyoyin ƙasar Filato a Nijeriya, a wajajen 1930, daga nan ta bi sawun harshen Hausa ta ƙetare iyaka, ta zauna daram a cikin ikilisiyar EERN da ta tsaya da ƙafarta a lokacin samun mulkin kai. Tsarinta mai sauƙi ne. Rana guda a mako ake haɗuwa, na ɗan lokaci. Akwai uwar zumunta da magatakarda da ma'aji. A buɗe da addu'a, a yi waƙa da kiɗan tulu da caki, wadda ta iya karatu ta karanta ƴan ayoyi, sauran su maimaita har su haddace, sannan a tattauna. Wadda ba ta san bihim ba tana komawa gida da aya a ka, ta riƙa bitarta a bakin turmi. Ba mamaki idan labarin Marta da Maryamu a cikin Bisharar Luka, ɗaya tana fama da hidimar baƙi ɗaya tana zaune tana sauraro, ya zama kamar da su ake.

Kuma karatun bai tsaya a tabarma ba. Daga wurin ake tashi zuwa barka da ta'aziyya da dubiyar marar lafiya, a nan ake tara gudummawa, a nan ake fitar da anko. Masaniyar tarihi Barbara Cooper, a littafinta na 2006 kan Kiristocin ƙasar Maraɗi, ta nuna yadda mata suka zama ginshiƙin ikilisiya duk da cewa mumbari na maza ne.

Mai karatu Musulmi ba zai ga baƙon abu a nan ba. Tun ƙarni na 19 Nana Asma'u ƴar Shehu, wadda ta rasu a 1864, ta tsara ƴan taru, inda jaji ke koyon waƙoƙin ilimi ta kai wa matan ƙauye da hidima ta hana su zuwa makaranta. Makarantun Islamiyya na matan aure ma amsa ce ga wannan matsalar, haka nan ƙungiyoyin asusu na Mata Masu Dubara da aka fara a jihar Maraɗi a 1991. Addini ya bambanta, amma dabarar ɗaya ce: taro kaɗan, lokaci kaɗan, jagora daga cikinsu.

Ranar 16 ga Janairun 2015, bayan zanen ɓatanci da jaridar Charlie Hebdo ta buga a Faransa, tarzoma ta ɓarke a Zinder. An ƙona majami'u da cibiyar al'adun Faransa, an rasa rayuka, ɗaruruwan Kirista suka nemi mafaka a barikin soja, kashegari wutar ta isa Yamai. Ga jama'ar da ƙidayar 2012 ta nuna ba ta kai kashi 1 cikin 100 na ƴan ƙasa ba, wannan babbar jarrabawa ce. A irin wannan rana ake gane amfanin ibadar da ba ta dogara da gini ba, da kuma maƙwabtakar da mata suka daɗe suna ginawa a gidan suna da bakin famfo.

Takardun mishan sun adana sunayen Turawa, na gwamnati sun adana na kwamandoji, su kuwa iyayen zumunta tarihinsu yana bakinsu. Ya kamata ɗaliban Jami'ar André Salifou ta Zinder su je su zauna da su, su naɗi muryoyinsu tun suna raye. Hausawa sun ce zumunta a ƙafa take, to, binciken tarihinta ma sai an taka.