Daga Lofe zuwa Sigari: Tarihin Taba a Ƙasar Katsina ta Tsakiya

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan takarda ita ce bin sawun taba a ƙasar Katsina ta tsakiya, watau yankin Dutsin-Ma, inda Yandakan Katsina yake hakimci, da Kurfi ta Maradin Katsina. Abin da za mu yi ƙoƙarin nunawa shi ne, taba tsohuwar baƙuwa ce a wannan ƙasa, amma ɓarnarta ga lafiya ba ta yi tsanani ba sai da aka sake mata kama, aka kuma sake hanyar sayar da ita.

2.0 Zuwan Taba

Asalin taba daga nahiyar Amurka ne. Ta iso Afirka ta Yamma wajen ƙarshen ƙarni na 16, kuma nan da nan malamai suka shiga muhawara a kan hukuncinta. A cikin 1607 Shehu Ahmad Baba na Tambutu ya rubuta fatawa inda ya halatta ta, bisa hujjar cewa ba ta gusar da hankali. Waɗansu malamai kuwa suka tsaya a kan haramci ko karhanci. Abin lura a nan shi ne, muhawarar ta fi karkata ga batun maye, domin a lokacin babu wanda ya san abin da hayaƙi yake yi wa huhu.

Kafin ƙarni na 19 taba ta riga ta zama amfanin gona a ƙasar Katsina, ana shuka ta a fadamu da bayan gida. Baturen nan matafiyi, Heinrich Barth, ya yi guzurin tabar Katsina a cikin 1853, ya kuma bayyana cewa ana darajanta ta har a Tambutu. Hanyoyin amfani da ita uku ne. Dattawa suna shan ta a lofe. Ana daka ganyen da kanwa a yi taba gari, a shaƙa ko a ɗora a dasashi, har waɗansu suna ɗaukarta maganin ciwon haƙori. Mata kuwa suna goga fure a haƙora tare da goro don ado. Ko waɗannan ma ba su rasa illa ba, musamman ga baki da dasashi, amma al'ada ta yi musu shinge: abin kunya ne yaro ya sha taba a gaban na gaba da shi.

3.0 Zamanin Kamfani

Shingen nan ya fara rushewa da zuwan sigari. Kamfanin British American Tobacco ya buɗe masana'anta a Ibadan a cikin 1937. A cikin 1951 aka kafa Nigerian Tobacco Company, wanda ya gina masana'antar Zariya a cikin 1959. Daga nan sigari ya bi motocin kasuwa har ƙauyuka, ya sami gurbi a teburin mai shayi, ana sayar da shi kara-kara.

Bambancin lofe da sigari ba na ado ba ne kawai. Hayaƙin lofe kakkaura ne, galibi a baki yake tsayawa. Na sigari kuwa an tausasa shi yadda za a zuƙe shi har cikin huhu, sinadarin nikotin ya isa ƙwaƙwalwa cikin 'yan daƙiƙoƙi. Nikotin shi ne mai kama mutum ya kasa bari, yana kuma ƙara bugun zuciya da hawan jini. Kwalta da sauran dafin da ke cikin hayaƙin su ne masu jawo sankarar huhu da ciwon zuciya. Bugu da ƙari, lofe yana bukatar zama da garwashi, sigari kuwa yana shiga aljihun ɗan makaranta ba wanda ya gani.

Wani abin takaici shi ne, tun cikin 1950 Doll da Hill suka nuna dangantakar sigari da sankarar huhu a Ingila, watau shekara tara kafin buɗe masana'antar Zariya. Amma dokar farko ta taƙaita shan taba a wuraren jama'a a Nijeriya ba ta fito ba sai 1990. Ƙasar ta amince da yarjejeniyar Hukumar Lafiya ta Duniya a kan taba a cikin 2005, sa'an nan dokar 2015 ta hana sayar wa wanda bai kai shekara 18 ba, ta kuma hana sayarwa kara-kara. Duk wanda ya zaga tashar mota a Dutsin-Ma ko kasuwar Kurfi zai iya auna wa kansa nisan da ke tsakanin doka da aiki da ita.

4.0 Tabar Wiwi da Sababbin Baƙi

Tabar wiwi ta bi wata hanya dabam. An fi danganta yaɗuwarta da sojojin da suka komo daga Indiya da Bama bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Dokar soja ta 1966 ta tanadi hukunci har na kisa ga mai noma ta, aka sassauta a cikin 1975, aka kafa hukumar NDLEA a cikin 1989. Duk da haka binciken ƙasa na 2018 ya ƙiyasta masu shanta sun kai miliyan 10.6. Gaskiya ne a cikin 2018 Amurka ta amince da wani magani na farfaɗiya da aka tace daga wannan tsiro, amma wannan magani ne mai awo a hannun likita. Yawan shan ganyen, musamman tun ƙuruciya, yana ƙara haɗarin taɓin hankali.

Dutsin-Ma ta zama garin ɗalibai, ga Kwalejin Ilmi ta Isa Kaita, ga Jami'ar Tarayya da aka kafa a cikin 2011. Matasa irin waɗannan su ne kasuwar da shisha da sigarin lantarki, wanda aka ƙirƙiro a Sin a cikin 2003, suke nema. Sigarin lantarki ba ya ƙona ganye, saboda haka dafinsa bai kai na sigari ba, amma nikotin yana nan, an lulluɓe shi da ƙamshin 'ya'yan itace.

5.0 Kammalawa

Mun ga cewa duk lokacin da taba ta sake kama, ciniki ne yake riga ilmi da doka isowa. Tsakanin binciken 1950 da dokar 1990 shekara arba'in ce, kuma a cikinta tsara guda ta kamu. Shawararmu ita ce, masana tarihi su tattara bayanan tsofaffin manoman taba na wannan yanki tun suna raye, malaman lafiya na asibitocin yankin su riƙa rubuta tarihin shan taba na majinyata, hakimai da limamai kuma su shiga maganar shisha da sigarin lantarki tun ba su zama ruwan dare ba.