Wangara: Tsibirin Zinariya da Aka Nema Aka Rasa

A shekarar 1154 masanin labarin ƙasa al-Idrisi ya rubuta cewa akwai wani tsibiri a ƙasar baƙar fata, sunansa Wangara, mai tsawon mil 300 da faɗin mil 150. Kowace shekara kogi kan cika ya rufe shi, in ruwa ya janye sai jama'a su fito tsintar zinariya. Labarin ya ƙara ƙarfi bayan hajjin Mansa Musa na 1324, sa'ad da ya raba zinariya a Alƙahira har darajarta ta faɗi.

Amma Wangara sunan mutane ne, watau fataken Mali masu cinikin zinariya, waɗanda Tarihin Kano ya ce sun iso Kano zamanin Sarki Yaji (1349-1385). Ainihin ramukan kuwa suna Bambuk, tsakanin kogunan Senegal da Faleme, da Bure a ƙasar Gini ta yau, da kuma ƙasar Akan. Fataken sun ɓoye hanyar zuwa can, domin asirin nan shi ne jarinsu.

Hausawa kan ce kwaɗayi mabuɗin wahala. Sarkin Maroko Ahmad al-Mansur ya tura Judar Pasha da 'yan bindiga suka ƙetare Sahara, suka karya Songhai a Tondibi a 1591, suka ci Gao da Timbuktu. Sun kwashi ganima, amma ba su kai ga ramukan ba, don suna can kudu da nisa. Daular ta rushe, aka tafi da malamai irin su Ahmad Baba Marrakesh a ɗaure a 1594.