Gawo da Doka a Ƙasar Maraɗi da Damagaram

Cikin shekarar 1935 wani Baturen daji, Stebbing, ya yi shelar cewa hamada tana gangarowa kudu za ta cinye ƙasar Hausa. Ingila da Faransa suka aika da ma'aikatansu, suka zaga kan iyaka a 1936 da 1937, suka komo suka ce abin bai kai yadda ya faɗa ba. Duk da haka tsoron ya zauna, manomi kuwa shi aka ɗora wa laifi.

A wannan shekara ta 1935 ne Faransawa suka kafa dokar daji a ƙasashensu na Afirka ta Yamma, wadda ta sa itatuwa irin su gawo a hannun hukuma, ko da a tsakiyar gonar mutum suke. Nijar ta sami mulkin kai a 1960, amma dokarta ta 1974 ba ta sauya wannan ba. To, wa zai yi renon itacen da in ya girma a ci shi tara saboda reshensa? Sai manoma suka riƙa sare toho tun yana ƙarami, gonaki suka zama fili fetal. Alhali kuwa gawo shi ne abokin gero, gama da damina yake kaɗe ganye, ya takince ƙasa, ba ya tare wa shuka rana.

Wajen 1983 Tony Rinaudo, mutumin Ostireliya mai aiki a Maraɗi, ya lura kututturan da ake sarewa kowace shekara saiwarsu na da rai. Bayan farin 1984 mutane suka fara barin toho biyu ko uku suna gyarawa. Sunan da suka raɗa wa aikin abin lura ne ga mai nazarin harshe: sassaben zamani. Watau kalmar da ke nufin sarewa ita aka juya ta ɗauki ma'anar reno. Doka ta biyo baya a hankali, sai a 2004 aka yi sabuwa wadda ta ba jama'a hannu cikin al'amarin itatuwansu. An ƙiyasta itatuwa miliyan 200 a kadada miliyan 5.

Tun yarjejeniyar Faris ta 2015 ƙasashe ke lissafa irin waɗannan itatuwa cikin alkawarinsu na rage iskar da ke ɗumama duniya, har ana cinikin abin da suka zuƙe. Ta nan tsohuwar tambayar 1935 ta sāke tasowa, domin kafin a biya kuɗin sai an san ko gawon na hukuma ne ko na mai gona.