Bindigar Tsaron Gida: Waiwaye Daga Kachia

Tun bayan rikicin Kafanchan na 1987 da na Zangon Kataf na 1992, magidanta a ƙasar Kachia suke tambayar wace bindiga ta dace da tsaron gida. Idan muka waiwayi tarihi, za mu tarar hukuma ta daɗe da amsa wannan tambaya.

A ƙarni na 19, Adara da maƙwabtansu sun dogara da duwatsu da kwari da baka wajen kare kai daga mahara. A 1890, yarjejeniyar Brussels ta taƙaita shigo da bindigogin zamani, aka bar wa talaka bindigar toka, wadda kafin a sake ɗura mata albarushi maƙiyi ya iso.

Dokar makamai ta 1959 ta bi wannan sawu. Bindigar toka sai da lasisin Kwamishinan 'Yan Sanda, ta farauta mai baki biyu sai da na Sufeto Janar. Libarba kuwa, wadda ake ɓoyewa cikin riga, tana sahun haramtattu, sai da izinin shugaban ƙasa.

Ke nan wanda aka hana wa makami yana bin hukuma bashin tsaro. Wannan bashi ya kamata mu riƙa tambaya.